Malam Edita, damunarmu ta Mambila ba irin taku ba ce

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ni mai karanta jaridarku ne tun da daɗewa, amma a waya, shi ma in netwok ya ga dama, don ta takarda kafin ta hawo mana nan sama labarin ya riga ya yi sanyi. Daga Nguroje nake rubutowa, a kan tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Kakana fataucin goro da shanu ne ya kawo shi daga ƙasar Kano, ya ga ciyawa ya ga ruwa ya ce shi kam ya iso, mu duk nan aka haife mu.

Ƙorafi gare ni, kuma ba na faɗa ba ne. Duk shekara in watan Mayu ya kama zuwa Yuni sai in ga kun fara buga shawarwari, manoma a gyara gona, damuna ta ƙarato, kar a yi gaggawar shuka da ruwan farko, a tanadi iri. Wallahi dariya nake yi ni kaɗai, don a lokacin da nake karanta wannan shawarar masarata ta kai min ƙugu, wata ma ta fara neman fidda kai. Mu nan tun cikin Maris hadari ke fara haɗowa, zuwa Afrilu an gama shuka, kuma ruwan ba ya ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba, wata shekarar har ya leƙa Nuwamba. Wato ku kuna cin damunar wata huɗu, mu muna cin ta wata bakwai ko takwas, amma in ana maganar "manoman Arewa" sai a haɗa mu duka a buhu ɗaya a ɗaure.

Da a jarida abun ya tsaya da ba zan ɓata maka lokaci ba. Matsalar ita ce masu rabon taki ma da wannan kalandar suke aiki. Sai a yi bikin ƙaddamar da rabon taki a can birni cikin Yuni ko Yuli, a ɗau hoto, kafin motar ta lallaɓo ta hawo dutse mu muna gasa sabuwar masara. Wata shekara haka aka kira mu muka yi layi cikin ruwa, na karɓi buhuna na kai gida na jingine a ɗaki, danshi ya kama shi ya dunƙule kamar dutse, da rani ya zo sai da muka sa taɓarya. Toh ina amfanin baɗi ba rai? Wanda ke da hali ya riga ya saya a kasuwa tun Fabrairu da tsada, wanda ba shi da hali ya zuba kashin shanu ya bar wa Allah.

Bari in ɗan ba ka hoton wurin, don na lura da yawa daga cikin masu karatu in ka ce Mambila wutar lantarki kawai suke tunawa. Tudun nan ya kai kimanin mita 1,600 a sama, wasu wuraren sun fi haka, kuma Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana nan gefenmu a bakin iyakar Kamaru cikin gandun Gashaka Gumti. In ka taso daga Jalingo ka bi ta Bali ka wuce Serti, gumi kake yi kamar kowa har ka iso Mayo Selbe a gindin dutsen. Daga nan hawa ya fara, kwana bayan kwana, akwai wanda ake ce wa Biyu da Sisi, wurin da ko wanda ba ya salati sai ya tuna da shi. Kafin ka iso Maisamari ka fara laluben rigar sanyi a jaka. Baƙi da yawa na gani sun sauko daga mota da 'yar shara suna kaɗa haƙori, mu kuma muna musu sannu da zuwa muna ƙunshe dariya.

Ruwan farko shi ne daɗin shekara. Tuddan nan da suka yi baƙi saboda ƙunar rani, cikin kwana goma sai ka ga sun yi kore shar kamar an shimfiɗa darduma, shanun da aka gangara da su kwari neman ciyawa su fara dawowa, nono ya yi arha, man shanu ya cika kasuwa, yara da daddare suna bin shinge a gindin fitila da kwano. A lokacin kowa fara'a yake.

Amma Yuli da Agusta da Satumba, nan ne ake gane ɗan dutse. Ruwa ne ba irin na Kano ba da zai zo da iska da tsawa ya zuba awa ɗaya ya wuce rana ta fito. Namu yayyafi ne mai naci, ya wuni ya kwana ya sake wuni, gajimare ya sauko ya zauna a tsakar gida har ba ka hango katangar maƙwabcinka, kana jin muryar mutum yana sallama ba ka ganin shi sai ya zo dab da kai. Wanki ya yi kwana huɗu a igiya bai bushe ba sai dai a shigo da shi kusa da murhu, shi ya sa duk ɗan Mambila in ya sauka ƙasa cikin damuna ana jin ƙaurin hayaƙi a rigarsa. Gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa, takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado ka ɗauko shi ya yi fumfuna. Alwalar asuba kuwa sai mai imani, uwargida ta san in ba ta ɗora ruwa a wuta ba to za a makara. Kuma cikin wannan ruwan masara ke nuna, ba ranar da za ta busar da ita a gona kamar yadda kuke yi, dole a karyo ta a jera a saman rufin madafa hayaƙi ya busar da ita a hankali. Wanda bai yi haka ba ta ruɓe masa ko ta tsiro a buhu. Ban taɓa ganin an yi wannan bayanin a shafinku na noma ba, kullum maganar gero ce da dawa da gyaɗa, mu kuwa ba gero muke nomawa ba, masara ce da dankalin turawa da wake da gwaza, ga ayaba ga fiya, fiyar da in ta nuna har ƙasa take zuba ba mai ɗauka saboda kuɗin motar kai ta Jalingo ya fi kuɗinta.

Hanya kuma ita ce babban ciwon. Ƙasarmu ja ce, in ta sha ruwa ta zama sabulu. Da ka bar kwalta ka nufi ƙauyuka, wajen Mayo Ndaga ko Dorofi ko Mbamnga, sai tsofaffin Land Rover ɗin nan da suka girme ni, su da 'yan acaɓa masu ƙarfin hali, wani wurin ma sai doki ko ƙafa. Tafiyar awa ɗaya da rani ta koma ta wuni guda, fasinja su sauko su tura, a isa kowa ya yi ja har gira. Mai naƙuda in abun ya zo da gardama cikin dare a Agusta, sai dai a yi ta addu'a a nemi samari majiya ƙarfi. Wani ɗan uwana buhun dankalinsa ashirin suka kwana biyu a hanya a wuri guda saboda mota ta kafe, da aka iso kasuwa kusan rabi ya fara ruwa. Ga tsawa, da ke faɗa wa shanu in sun taru a kan tudu, ga ƙanƙara da wata shekarar takan yayyaga ganyen masara cikin minti kaɗan.

Kar ka ce duk kuka na zo yi. Azumi a nan ko a Afrilu ya faɗo ba ma sanin ƙishirwar da kuke sha, fanka ba ta cikin kayan ɗakin amarya, bargo ne dole. Sauro kaɗan ne, ƙudan tsando babu, abun da ya jawo Fulani da shanunsu suka hawo kenan tun farko. Ganyen shayin da ake nomawa a Kakara wannan sanyin da wannan ruwan ne suka sa yake yi, in ka tsaya da safe ka hangi gonar da masu tsinka da kwanduna a baya sai ka rantse ba Najeriya kake ba. Ga dajin Ngel Nyaki kusa da Yelwa, inda har yanzu akwai birai manya kuma masu bincike na zuwa daga ƙasashen waje. Mambilawa da Kaka da Fulani da Panso da Kambu da mu Hausawa, a kasuwa ɗaya ake haɗuwa, ciniki da Fulatanci ko Hausa, duk da dai ba na ce ba a samun saɓani kan gona da makiyaya ba, ana samu, kuma ya taɓa yin muni sosai.

Rani gajere ne, Nuwamba zuwa Fabrairu. Rana ta yi haske, dare ya yi sanyi mai shiga ƙashi, a sa wa tuddai wuta, a koma noman kwari. A nan ne nake ganin abun da ke damun dattawanmu, wato ƙoramun da a da ba sa ƙafewa yanzu wasu na ja da baya tun Janairu. Su dai laifin bishiyar zaiti suke gani, wadda aka dasa ko'ina saboda katako da itacen girki, har a bakin idon ruwa, kuma ni ma na yarda da su, don na ga rafin bayan gidanmu yadda ya koma bayan an kewaye shi da ita. Sai dai kuma da ita muke rufi da ita muke jin ɗumi, wa zai fara sarewa?

Maganar wutar Mambila kuwa, wato aikin madatsar ruwan samar da lantarki mai megawat 3,050 da aka amince da kwangilarta a 2017, ku kun fi mu jin labarinta, mu a jarida muke gani kamar kowa, da caji na sola.

Roƙona Malam Edita, in hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, ta fitar da hasashen damuna a farkon shekara, dan Allah ku duba abun da ya shafi tsaunuka ku buga mana shi daban tun Fabrairu, ba sai Mayu ba. Ku kuma tambayar mana masu rabon taki ko akwai dokar da ta hana a fara da Sardauna kafin sauran wurare. Sannan ku turo wakilinku, amma ba a Disamba ba lokacin da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa ɗaukar hoto, ya zo a Agusta. Ya taho da takalmin roba da rigar ruwa da bargo, ya yi ƙoƙari ya bar Serti da hantsi don kar gajimare ya rufe shi a kan dutse. Masauki da shayi da gasasshiyar masara a wuyana.

Naku,
Wani mai karatu daga Nguroje, jihar Taraba