Babban birni da birni mai girma: kira ga jaridu da malamai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda abin da ya faru a gabana kwanan baya ya sa na ga bai dace in ci gaba da yin shiru ba.

An gayyace ni alƙalanci a wata gasar kacici-kacici tsakanin makarantun sakandare, saboda na yi shekaru masu yawa ina koyar da labarin ƙasa kafin in yi ritaya. Da aka zo kan biranen duniya, aka tambayi wata ɗaliba babban birnin Turkiyya, nan take ta ce Santambul, na kuma yanke hukunci cewa ba ta ci ba, domin Ankara ce. Bayan an tashi ta same ni, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce: "Baba, ai Santambul ta fi Ankara girma nesa ba kusa ba, ta yaya ƙaramar za ta zama babba?" Tambayar ta tsaya mini a rai har na isa gida, domin yarinyar ta yi tunani daidai da abin da harshenmu ya ba ta. Mazaunan Santambul sun haura miliyan 15, na Ankara kuwa ba su kai miliyan 6 ba. Mu ne muka ɗauki kalma ɗaya, wato babban birni, muka ɗora mata kaya biyu: birnin da ya fi yawan jama'a da hada-hada, da kuma birnin da gwamnati take zaune. Sa'annan muka sa yara su haddace sunayen ƙasashe da biranensu kamar karatun sha-ka-tafi, ba tare da mun gaya musu dalilin da ya sa mulki ya zauna a wannan gari ya bar wancan ba.

A wasu ƙasashe kayan biyu sun taru a wuri guda, shi ya sa ba a samun ruɗani a kan Landan ko Faris ko Alƙahira ko Tokyo. Amma ƙasashen da abin ya rabu suna da yawa, kuma ba sai mun yi nisa ba. A Kamaru mulki yana Yawunde, tashar jiragen ruwa da manyan kasuwanni suna Duwala. 'Yan kasuwarmu da ke zirga-zirga zuwa Kwatano da yawansu ba su san cewa Porto-Novo ce tsarin mulkin Jamhuriyar Benin ya amince da ita ba. Na sha jin alhazai suna ɗaukar Jidda a matsayin babban birnin Saudiyya don a nan jirginsu ya sauka, alhali kuwa fadar mulki tana Riyad.

Da an koya wa wannan ɗaliba tarihin Ankara, da ba ta yi kuskuren ba har abada. Bayan Yaƙin Duniya na Farko sojojin ƙasashen da suka yi nasara sun mamaye Santambul, Sarkin Daular Usmaniyya yana zaune a cikinta ba shi da ta cewa. Mustafa Kamal da mutanensa suka kafa majalisarsu a Ankara a 1920, a tsakiyar ƙasa, inda bindigogin jiragen ruwan abokan gaba ba sa kaiwa. Da suka yi galaba, suka tabbatar da ita mazaunin gwamnati ranar 13 ga Oktoban 1923, makonni biyu kafin shelar jamhuriya. Tsaro ne ya kai su can, da kuma niyyar raba gari da tsohuwar daula. Wanda ya ji wannan labari sau ɗaya ba ya bukatar hadda.

Wasu biranen kuwa sulhu ne ya haife su. Da yankunan Ostireliya suka haɗu suka zama ƙasa ɗaya a 1901, Sydney da Melbourne kowacce ta ƙi yarda ɗayar ta riƙe mulki, sai aka rubuta a tsarin mulki cewa za a gina sabon birni a jihar da Sydney take, amma da sharaɗin ya yi nisan aƙalla mil 100 daga gare ta. Haka aka samu Canberra, majalisa kuma ba ta tare a can ba sai 1927. Washington ma haka take, yarjejeniya ce tsakanin jihohin arewa da na kudancin Amurka, gwamnati ta koma can a 1800 bayan ta zauna a New York da Philadelphia. Mutanen Afirka ta Kudu da suka kasa daidaitawa a 1910 sai suka raba abin uku: zartarwa a Pretoria, majalisa a Cape Town, shari'a a Bloemfontein, Johannesburg mai zinariya da dukiya kuwa ba ta samu ko ɗaya ba a wancan rabo.

Abin da ya fi ba ni takaici, Malam Edita, shi ne muna da irin waɗannan labarai a ƙofar gidanmu, amma ba ma ba yaranmu. Kano ta fi kowane gari a Arewa jama'a da ciniki, duk da haka Turawan mulkin mallaka ba su kafa hedikwatarsu a cikinta ba. Sun yi Lakwaja, sun yi Jebba, sun kafa hedikwata a Zungeru a 1902, daga baya suka koma Kaduna a 1917, wurin da yake da kogi da layin dogo, kuma ba fadar wani sarki ba ce da zai yi musu inuwa. A Nijar kuma Damagaram ce mazaunin gwamnatin Faransawa har 1926, lokacin da suka kwashe suka koma Yamai a bakin kogi, saboda ƙarancin ruwa a Damagaram da kuma kusancinta da Kano da ƙasar da Ingilishi suke mulka. Wannan ƙaura ɗaya ta juya akalar ƙasar zuwa yamma, kuma duk wanda ya san Nijar ya san cewa har yau ana jin tasirinta a siyasa da rabon ayyuka. Kafin zuwan Turawa ma, masu karatun tarihin Musulunci sun san yadda mulki ya tashi daga Madina zuwa Kufa, ya koma Dimashƙa a zamanin Banu Umayya, har Halifa Mansur ya gina Bagadaza a shekara ta 762. Ba a taɓa ɗaga mazaunin mulki haka kawai ba.

Akwai kuma ɓangaren da haddar sunaye take ɓoyewa gaba ɗaya, shi ne tsadar gina sabon birni da kuma wanda yake ɗaukar nauyinta. Misalin da na fi so in ba ɗalibaina shi ne Brazil. Tun a tsarin mulkinsu na 1891 suka rubuta cewa za a mayar da gwamnati tsakiyar ƙasa, domin jama'a da dukiya duk sun taru a gaɓar teku, cikin ƙasar kuwa ya zama kamar an manta da shi. Maganar ta kwanta sama da shekara sittin, har Shugaba Juscelino Kubitschek ya ɗauke ta da gaske. Lucio Costa ya zana tsarin birnin da siffa irin ta jirgin sama, Oscar Niemeyer ya zana manyan gine-ginen, aka yi aiki dare da rana, cikin ƙasa da shekara huɗu aka buɗe Brasilia ranar 21 ga Afrilun 1960, gwamnati ta bar Rio de Janeiro. Birnin ya yi kyau ƙwarai, ya kuma jawo hanyoyi da noma zuwa tsakiyar ƙasa kamar yadda aka yi fata. Sai dai ƙasar ta fito daga aikin da bashi da hauhawar farashi, sannan leburorin da suka zo daga yankunan talakawa suka zuba kankare da hannunsu ba a tanadar musu wurin zama a cikin zanen ba. Suka kakkafa bukkoki a gefe, hukuma ta riƙa kwashe su tana kai su garuruwan bayan gari. Ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa, Ceilandia, an samo sunansa ne daga sunan shirin da aka yi a 1971 na kawar da matsugunan da aka kira haramtattu. An tsara Brasilia don mutum dubu 500, yau yankin yana ɗauke da kusan miliyan 3, kuma mafi yawansu a wajen wancan kyakkyawan zane suke kwana.

Duk ɗan Najeriya da ya karanta wannan zai ji kamar labarin Abuja ake ba shi, kuma ba zai yi kuskure ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammad ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba ko Legas za ta iya ci gaba da riƙe gwamnatin tarayya da ta jiha a lokaci guda, ga cunkoso, ga ƙarancin fili, ga teku ta tare ta. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa, wurin da babu wata babbar ƙabila daga cikin manyan uku da za ta ce nata ne. A farkon Fabrairun 1976 aka kafa Doka ta 6, kwanaki kaɗan kafin a kashe Murtala, Allah ya jiƙansa. Aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci, tsohon garin Abuja, wanda sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa bayan jihadi, ya sadaukar da sunansa ya koma Suleja. Gwamnati ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disambar 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Ni ina cikin masu ganin shawarar ta yi daidai, kuma ban taɓa sauya ra'ayi ba. Mutumin Maiduguri da na Fatakwal da na Sakkwato duk sun samu birnin da za su shiga ba a matsayin baƙi ba. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: mun maimaita kuskuren Brasilia kusan ƙafa da ƙafa. Wanda ya tsaya a hanyar Mararaba da Nyanya da asuba zai ga dubban masinjoji da direbobi da malaman asibiti da 'yan sanda suna kokawar shiga mota, da yawansu daga Jihar Nasarawa suke tasowa kullum, wasu daga Suleja da Madalla a Jihar Neja, saboda albashinsu ba zai kama musu ko ɗaki ɗaya a Maitama ko Asokoro ba. Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin, waɗanda aka fara yi wa alkawarin sake musu matsuguni da kuɗin gwamnati, har yanzu da yawansu suna maganar gonakinsu da diyyarsu. Kuma mazaunan birnin ba su da gwamnan da suka zaɓa, minista ake naɗa musu, sanata ɗaya suke da shi inda kowace jiha take da uku. Mutanen Washington ma suna irin wannan kuka, su ko sanata ɗaya ba su da shi. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata ɗalibi ya riƙa tunawa idan an ambaci babban birnin tarayya.

Ba kowace ƙaura ce ma take kama ƙasa ba. Shugaba Houphouet-Boigny ya mayar da babban birnin Kodebuwa mahaifarsa Yamoussoukro a 1983, amma ofisoshin jakadanci da mafi yawan ma'aikatu suna Abijan har yau. Tanzaniya ta yanke shawarar komawa Dodoma tun 1973, sai da aka yi sama da shekara arba'in kafin gwamnati ta tare da gaske. Maganar kuma ba ta zama tarihi ba, domin a yanzu haka Masar tana gina sabon mazaunin gwamnati a hamada gabas da Alƙahira, Indunusiya kuma ta kafa doka a 2022 don gina Nusantara a tsibirin Borneo, saboda Jakarta tana nutsewa sakamakon yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa. Idan irin waɗannan labarai suka zo muku daga kamfanonin dillancin labarai, mai karatun da ya san Abuja da Brasilia zai tambayi inda leburori za su kwana da kuma wanda zai biya bashin, wanda bai sani ba kuwa hotunan dogayen benaye kawai zai kalla.

Don haka ina da roƙo biyu gare ka. Na farko, ku da sauran 'yan'uwanku na rediyo da talabijin ku daidaita kan kalmomi, domin daga bakinku jama'a suke ɗauka. A bar "babban birnin ƙasa" ga mazaunin gwamnati kaɗai, idan kuma ana nufin irin su Legas da Santambul da Duwala a ce "birni mafi yawan jama'a" ko "cibiyar kasuwanci". Na sha jin an ce "babban birnin kasuwanci", wanda yake ƙara dagula wa yara lissafi. Na biyu, ku ware ɗan fili ko da sau ɗaya ne a wata, a ɗauki birni guda a ba da labarin yadda mulki ya zauna a cikinsa, da Hausa mai sauƙi wadda malamin firamare zai iya yanka ya kai aji. Ina ba da shawarar a fara da Zungeru da Damagaram kafin a tsallaka teku. Idan kun amince, a shirye nake in rubuto muku na farkon ba tare da an biya ni ko kwabo ba, kuma zan nemi ɗalibar nan in kai mata kwafi da hannuna.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Zariya.