Ƙorafi Kan Sauya Maɓallan Gajeriyar Hanya a Manhajarku ta Rubutu

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Bayan gaisuwa, ina da shagon buga takardu a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim a jihar Jigawa, kuma da manhajarku nake buga wa jama'a takardun cinikin gona da tambayoyin jarrabawar makarantun Islamiyya. Abin da ya sa na rubuto muku shi ne sabuntawar da kuka yi, wadda ta sauya aikin maɓallan gajeriyar hanya ba tare da an tambayi masu amfani da ita ba.

Ban ƙi hujjarku ta daidaita maɓallanku da na sauran manhajoji ba. Tun daga kwamfutar Macintosh ta 1984 haruffan X da C da V suka zama na yankewa da kwafewa da liƙawa, Windows ma ta bi sahu, kuma yaran da nake koya wa aiki sun fi saurin kamawa idan manhajoji suka yi magana da murya ɗaya. Sai dai mai buga rubutu ba ya kallon kibod, idonsa na kan takardar da aka kawo masa, yatsunsa kuwa abin da suka saba suke yi. A da, Ctrl+W neman kalma yake yi a manhajarku, yanzu kuwa rufe shafi yake yi. Ranar kasuwa, ga dattawa biyu zaune a benci suna jiran takardarsu, ga janareta na shan mai, na danna shi don in nemo sunan wani shaida, sai shafin ya rufe da duk abin da ban adana ba, ko tambaya bai yi mini ba.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sababbin maɓallan da kuka ɗora a kan Ctrl+Alt. Windows tana ɗaukar wannan haɗi a matsayin maɓallin AltGr, wanda da shi nake fitar da ƙ da ɓ da ɗ a tsarin kibod ɗina, saboda haka duk lokacin da na nemi ƙ sai wani akwati ya buɗe a tsakiyar rubutu. Kamfanin Microsoft da kansa ya gargaɗi masu ƙera manhaja su guji Ctrl+Alt saboda wannan dalili.

Akwai hanyar da ba za ta cutar da kowa ba. Lokacin da wata manhajar rubutu mai suna nano ta fitar da zubi na 8.0 a 2024, ta kawo cikakken tsarin maɓallan zamani a matsayin zaɓi da mutum zai kunna da kansa, Ctrl+X kuma ya ci gaba da fita daga manhajar ga wanda bai kunna ba. Ina roƙon ku bar wa tsofaffin masu amfani tsarinsu, ku ba sababbi na zamani, ku janye hannu daga Ctrl+Alt gaba ɗaya, kuma kada shafi ya sake rufewa sai ya tambayi mai shi ko zai adana.

Ina jiran amsarku a rubuce.

Naku,
Mai shagon buga takardu,
Ƙaramar hukumar Ringim, Jigawa