Tarin da ya ƙi jin maganin tibi, a duba huhu tun da sauran lokaci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan sankarar huhu, da abin da ke sa wani ya daɗe bayan tiyata, wani kuma ya tafi cikin watanni.

Kawuna ya yi wata shida yana haɗiyar maganin tarin fuka, alhali gwajin kakinsa bai nuna ƙwayar cutar ba, yana ta ramewa har zobensa ya riƙa zamewa daga yatsa. Sai da ya fara tarin jini aka ɗauki hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, aka ga ƙari a huhunsa na dama. An yi aikin lafiya, an cire kashi ɗaya cikin ukun da huhun dama yake da su, amma likita ya ce cutar ta riga ta kama kaluluwar tsakiyar ƙirji. Wata 14 ya ƙara a duniya, Allah ya jiƙansa.

Ajali na Allah ne, amma a cikin sababai babu wanda ya kai matakin da aka tarar da cutar nauyi. Idan ƙarin bai wuce santimita 3 ba, kuma bai taɓa kaluluwa ba, kimanin mutum takwas cikin goma sukan haura shekara biyar bayan aiki. Da zarar ya kai inda na kawuna ya kai, masu haurawa ba su kai rabi ba. Tun a 1933 likita Evarts Graham ya cire wa wani mai wannan cuta huhu guda cur a Amurka, mutumin ya rayu shekara 30 bayan haka.

Ƙarfin huhun da ya rage shi ma abin dubawa ne, shi ya sa ake sa majinyaci ya busa iska a na'ura kafin a shiga da shi tiyata. Wanda ya koma wa taba bayan an sallame shi yana ƙara wa kansa haɗarin dawowar cutar, kuma maganin kemo, mai kashe ƙwayoyin sankara, idan an ba da shi bayan tiyata yana ƙara kusan mutum biyar cikin ɗari ga masu tsira.

Roƙona ga ma'aikatan asibitocinmu shi ne, duk babban mutumin da kakinsa bai nuna tibi ba kuma tarinsa ya ƙi lafawa, a tura shi hoton CT kafin a ƙara masa wani watan magani.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya