Tawagar Amurka a Yamai: Raini Ne, Malam Edita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne saboda shirinku na daren Lahadin da ta gabata, wanda na saurara har ƙarshensa kuma na tashi daga gaban rediyo raina a ɓace. Baƙonku, da aka gabatar mana a matsayin masanin hulɗar ƙasa da ƙasa, ya kafe a kan cewa abin da ya raba Nijar da sojojin Amurka ɗan rashin fahimtar al'ada ne kawai, wai Amurkawa haka suke, ba su iya kewaye-kewaye ba, mu kuma mutanen Sahel mun cika saurin fushi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Har dariya ya yi da yake faɗin haka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai gabatar da shirin ya bar maganar ta wuce salin-alin, bai tare shi da tambaya ko ɗaya ba.

Tun da ba a tuna masa ba, bari in tuna masa. Tawagar da ta sauka Yamai a watan Maris na 2024 ba ta yara ba ce. Molly Phee ce ta jagorance ta, wadda ita ce babbar jami'ar harkokin Afirka a ma'aikatar harkokin wajen Amurka a lokacin, tare da Janar Michael Langley, wanda a lokacin shi ne kwamandan rundunar Amurka mai kula da nahiyarmu. A daren 16 ga watan, kakakin gwamnatin sojan Nijar, Kanar Amadou Abdramane, ya fito a talabijin ya ce an soke yarjejeniyar soja ta 2012, ya kuma faɗi dalilai: tawagar ta yanke wa kanta ranar zuwa da waɗanda za su zo ba tare da shawara ba, ta yi magana cikin isa da barazana, ta kuma nemi ta zaɓa wa Nijar abokan hulɗa. Bayan wata biyu Firaminista Ali Lamine Zeine ya shaida wa jaridar Washington Post cewa an yi musu barazanar takunkumi idan suka sayar wa Iran yuraniyom, kuma an yi hakan ne a cikin gidansu, da murya irin ta mai gida yana yi wa bara faɗa. Amurka ta ce jami'arta saƙon gwamnati ta isar kuma cikin ƙwarewa ta isar da shi. To, ko da an yarda da hakan, ƙwarewar da ta sa shugaban mulkin soja, Janar Tiani, ya ƙi ganin tawagar, ta kuma sa aka tattara sojoji kimanin dubu aka fice daga ƙasar zuwa 15 ga Satumban 2024, ai ta cancanci a tsaya a tambaye ta.

Ni tsohon malamin makaranta ne, kuma a shekarun ƙuruciyata na koyar da Hausa ga matasan Amurka 'yan sa-kai na Peace Corps, waɗanda suka yi aiki a ƙasar nan tun daga 1962 har zuwa Janairun 2011, lokacin da aka kwashe su bayan an sace wasu Faransawa biyu a Yamai. Saboda haka babu wanda zai zo ya gaya mini cewa Ba'amurke ba ya iya koyon ladabinmu. Na gani da idona. Na ga budurwar da ta baro gidan iyayenta mai lantarki da famfo ta zauna a ƙauyen da ba shi da ko ɗaya, ta koyi durƙusawa in za ta gaida tsoho, ta koyi ɗaura zane da rufe kai, ta koyi cewa ba a miƙa abu da hagu, kuma ba a shiga gidan matan aure sai an yi sallama an jira. Na ga saurayin da ya iya tambayar gajiya da iyali da sanyi da labarin gona kafin ya buɗe baki a kan abin da ya kawo shi, wanda in an yi rasuwa a unguwa za ka same shi a kan tabarma cikin masu zaman makoki. Mutanen ƙauyukan suka ba su sunayenmu, kuma har yau akwai tsofaffin da ke tambayata labarinsu. Waɗannan yara ba su da jirgi, ba su da bindiga, kuɗin aljihunsu ma bai taka kara ya karya ba, amma abin da suka saya wa ƙasarsu na ƙauna a karkarar Damagaram da Maraɗi, sansanin sojin Amurka na Agadas da aka kashe wa sama da dala miliyan 100 bai saya mata rabinsa ba.

Daga baya, da na bar aji, na yi tafinta ga wata ƙungiyar agaji da ke samun kuɗinta daga can, a nan kuma na ga ɗaya fuskar. Wata rana manyanta suka zo daga ƙasarsu duba wani rumbun tsimi da aka gina a wani ƙauye. An sanar da mai gari tun da wuri, ya sa aka yanka rago, mata suka tashi tun asuba suna daka, aka share ƙofar fada aka shimfiɗa tabarmi, dattawa suka bar gonakinsu a tsakiyar damina suka zauna jira. Baƙin suka iso bayan azahar. Ba su zauna ba. An kawo ruwa da fura, suka ɗaga robobin ruwansu suka nuna cewa suna da nasu. Babbar cikinsu, wadda a haife mai garin ya haife ta, ta tsaya a kansa da takarda a hannu tana jero tambayoyi a kan buhu nawa aka raba da wanda ya riƙe makulli, tana duban agogo, dattijon nan kuwa yana zaune a gaban talakawansa yana amsawa kamar wanda aka kama da sata. Kafin a sauke tukunya sun shiga mota. Ni aka bari in ba da haƙuri, kuma har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da fuskar mutumin nan ba sa'ad da ya ce a raba naman a kai gidaje. Daga ranar babu dattijon da ya sake halartar taron rumbun, aikin ya mutu, kuma na tabbata abin da aka rubuta a can shi ne mutanen ƙauyen ba su ba da haɗin kai ba. Da na ji sanarwar Kanar Abdramane, fadar mai garin nan ce ta faɗo mini a rai.

Baƙonku zai ce ai wannan ma rashin sani ne. Ban yarda ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko yana da idanu, amma makahon kirki yana neman ɗan jagora, kuma manyan Amurka sun san inda ake samunsa in sun ga dama. A 2009 duniya ta ga Shugaba Obama ya rusuna wa sarkin Japan. A 2017 duniya ta ga Shugaba Trump a Riyad yana rawar takobi tare da 'ya'yan gidan sarautar Saudiyya. In za su je wurin mai kuɗi ko mai ƙarfi, akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, su koya musu yadda ake gaisuwa da inda ake zama da abin da ba a faɗa a gaban jama'a. Sai in za a zo wurin talaka ne ake tuna cewa al'adarsu ita ce magana gatsau. Abin da ake yi wa wani a hana wani, ni a wurina sunansa raini, kuma raini ne mai gabatar da shirinku ya kamata ya sa baƙonsa ya amsa a kai.

Shekara guda kacal kafin wannan tawagar, Antony Blinken ya zo Yamai, shi ne sakataren harkokin wajen Amurka na farko da ya taɓa taka ƙasar nan, bayan shekara sittin da wani abu da samun 'yanci. Da aka yi kwanton ɓauna a Tongo Tongo a watan Oktoban 2017, Sanata Lindsey Graham ya fito ya ce shi bai ma san ƙasarsa na da sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Sunayen Amurkawa huɗu da suka mutu a wurin sun zaga duniya, an yi ta bincike da zaman majalisa a kansu, amma 'ya'yanmu da suka faɗi tare da su a rana ɗaya, a fage ɗaya, sai dai a ce "da wasu sojojin Nijar". A Inates an kashe mana sojoji 71 a Disamban 2019, a Shinagodar an kashe 89 bayan wata guda, alhali jirage marasa matuƙa suna shawagi a samanmu. Iyayen waɗannan yara suna da tambaya, kuma wanda ya zo gidansu yana ɗaga murya a kan Iran da Rasha ya kamata ya san da wannan tambayar kafin ya sauka daga jirgi.

Kada a ɗauka wanke masu mulki na zo yi. Ina da abin faɗa a kan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da kuma tsare Shugaba Bazoum, ba na kuma cikin masu tafa wa sojojin Rasha da suka iso a watan Afrilun 2024, domin ban ga wanda ya taɓa ƙetaro teku da bindiga saboda Allah ba. Amma wannan magana ce ta wata rana, kuma ba ta ba baƙonku damar ya yi mana dariya ba. Ina roƙon ku sake shirin, ku gayyato wanda ya zauna a Agadas ko Tillaberi, ko wani dattijo daga cikin sarakunanmu da ya sha karɓar irin waɗannan baƙi, ku sa shi gaba da gaba da masanin naku.

Sannan, ranka ya daɗe, tun da na riga na ɗauki alƙalami: wane ne ya ba ku shawarar mayar da maimaicin shirin zuwa daidai lokacin sallar magariba? Yawancin abokaina da ba sa iya kaiwa dare suna jira, da maimaicin suka dogara, yanzu kuwa sai mutum ya zaɓa tsakanin jam'i da rediyo. Ga shi kuma layin da kuke cewa a kira kullum a cike yake, saƙonnin da muke turowa ta WhatsApp daga nan gabas ba a karantawa, sai na mutanen Yamai da Kano. A duba mana wannan don Allah.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Wani tsohon malamin makaranta,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar.