Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Noma Na Sudan Kan Bayanan Irinmu

Mai girma Minista, assalamu alaikum.

Daga Mai Wurno nake rubuto maka, da bakin manoman dawa da riɗi irina, daga Sinnar har Gadarif.

Da yaƙi ya ci Wad Madani a Disambar 2023, rumbun adana iri na Hukumar Binciken Noma bai tsira ba. An kwashe firizoyi, aka bar ƙunshin iri warwatse cikin zafi, a wurin da ke riƙe da samfuri fiye da 15,000. Allah ya taimake mu, an riga an kai wani kaso rumbun Svalbard na ƙasar Norwe, aka ƙara kaiwa a Fabrairun 2025. Ma'aikatan da suka yi wannan ɗawainiya, Allah ya saka musu da alheri.

To amma ranka ya daɗe, ajiye ƙwaya rabin aiki ne. Ƙwayar dawar da muke kira fatarita ba za ta faɗa wa mai bincike kwana nawa take yi kafin ta fid da kai ba, ko tana jure wuta-wuta, wadda muke ce wa buda a nan, ko tsuntsu na ƙyale ta, ko garinta na yin kisra mai laushi, wato siririyar wainar dawa da muke ci a nan. Wannan sanin yana cikin littattafan gwaji da kwamfutocin tashoshin bincike, kuma mun ga yadda dare ɗaya ke cinye su. Sauran yana kan tsofaffi, irin dattijuwar da za ta murza zangarniya a tafin hannu, ta ciji ƙwaya ɗaya, ta gaya maka ƙasar da ta dace da ita. Su ma ƙarewa suke yi.

Roƙona shi ne ka ba da umarni a tattara duk abin da ya rage na sakamakon gwaji, na ingantattun irin dawa kamar Wad Ahmad da Tabat har da irin gargajiya, a zuba shi a buɗaɗɗen rumbun bayanai. Ba sai an fara daga tushe ba: Genesys, rumbun bayanan iri na duniya da ke intanet, na aiki tun 2011, kuma Sudan na cikin yarjejeniyar duniya kan irin shuka da ta fara aiki a 2004.

Na san masu cewa in an buɗe, kamfanonin waje za su kwashe. Tsoron yana da dalili. Sai dai abin da aka rubuta da sunan ƙauye da shekarar tsinta shi ke da shaida ranar gardama, kuma yarjejeniyar ta tanadi rabon amfani.

A sa shi da Larabci, da sunayen da manoma ke kiran irin, yadda mai hawasha, wato gonar noman ban-ruwa, a Jazira zai duba a wayarsa. A kuma tura malaman gona su zauna da tsofaffin nan kafin damina mai zuwa, a rubuta abin da suka sani.

Wassalam,
Wani manomi daga Mai Wurno, Jihar Sinnar