Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Kano Kan Buɗe Gari Ana Tsaka Da Korona

Mayu 2020

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano, Alhaji Aminu Ado Bayero, ta hannun mai girma hakimi da dagaci da masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa San Kano lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka ne mazauna cikin birni, akwai dattawa a cikinmu, akwai 'yan kasuwa da masu adaidaita sahu da malaman asibiti da iyaye mata, mun taru mun kawo kukanmu gida saboda ba mu da inda ya fi nan.

Ranka ya daɗe mun ji sanarwar gwamnati cewa za a koma sallar Juma'a kuma za a yi idi, alhali gwamnatin tarayya ta ƙara wa Kano sati biyu na kulle ran 18 ga wannan wata. Wallahi ba wanda ya kai mu son a buɗe, tun Afrilu muke gida, mai sana'ar hannu ya cinye jarinsa, azumin bana wasu gidajen da ruwa da gaya ake shan ruwa, tarawi ma a soro muke yi da yara. Amma fa ciwon nan bai tafi ba. Ran 11 ga Afrilu aka samu mutum na farko a Kano, yau alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, sun haura 800, bayan Legas sai mu, kuma wannan waɗanda aka samu damar gwadawa ne kawai, kowa ya san wurin gwajin ma sai da aka rufe shi na kwanaki a Afrilu, to mutum nawa suka yi zazzaɓi da tari a ɗaki suka sha maganin kemis ba wanda ya rubuta sunansu?

Idan ana neman lissafi na gaskiya a tambayi masu haƙan kabari a Ɗandolo. Sati biyu zuwa uku aka yi ana fita da dattawa, malamai da farfesoshi da attajirai, har Mai Martaba Sarkin Rano Allah ya yi masa rasuwa farkon watan nan, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Ba mu ce duk korona ba ce, amma Dakta Nasiru Sani Gwarzo da ya jagoranci tawagar shugaban ƙasa ya faɗa cewa cutar na da hannu a mace-macen. Kuma wanda ta fi kayarwa shi ne tsoho da mai ciwon suga da mai hawan jini, su ne kuma ba sa yarda sahun gaba ya wuce su.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda ake buɗewar. Da aka ce Litinin da Alhamis a fita daga goma zuwa huɗu, mun ga abin da idonmu, duk gari ya fito lokaci ɗaya, layin banki kafaɗa da kafaɗa, adaidaita cike maƙil, takunkumi yana haɓa ko aljihu, bokitin wanke hannu na bakin kasuwa kafin azahar ba ruwa ba sabulu. Kwana biyar ana ɓoye mutane, awa shida ta rushe komai. To ina ga ranar idi a Ƙofar Mata, da musabaha da runguma, daga nan yara su bazu yawon sallah gida gida har ɗakin kaka? Yaron ko tari ba zai yi ba, shi zai kai mata.

Masu cewa ai kasuwa ta buɗe me zai hana masallaci, muna jin su, kuma suna da gaskiyar tambaya. Amma Makka da Madina ma bana an dakatar da umara, an yi tarawi ba jama'a. Annabi SAW ya ce idan annoba ta sauka a gari kada a shiga, na ciki kada su fita, kuma don ruwan sama kaɗai an yi kiran sallah an ce a yi a gida. Bare rai.

Don haka muke roƙon Sarki ya sa baki, maganarka ta fi ta rediyo shiga kunnen mutane. A roƙi gwamnati ta ɗaga babban taron idi, in kuma ya zama dole to a rarraba shi unguwa unguwa a fili, huɗuba gajera, kowa da dardumarsa da takunkumi, dattawa da marasa lafiya su zauna gida. Hawan sallah da Hawan Daushe da zuwa gaisuwa fada a haƙura da su bana. Kasuwa kuma a riƙa buɗe ta layi layi kullum maimakon a tara mu rana ɗaya.

Sai maganar abinci, don ba wanda zai zauna gida da yunwa komai dokar. Tallafin da ake faɗa a rediyo a bi da shi ta hannun masu unguwanni da limamai, su suka san gidan bazawara da gidan da ba a ɗora tukunya ba. A kuma ja kunnen mutane kan cunkoson jana'iza da zaman makoki, a kawo wurin gwaji kusa da mu, a daina tsangwamar gidan da aka ɗauki mara lafiya don tsoron wannan ne ya sa ake ɓoyewa.

Muna roƙon a duba kafin jajiberin sallah. Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ne talakawanka,
mazauna unguwannin cikin birnin Kano.