Godiya ga garejin manyan injina na hanyar Pitoa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Wannan saƙon godiya ne zuwa ga Baba mai gareji da yaransa, garejin nan na manyan injina da ke bakin hanyar Pitoa in ka fito daga cikin Garwa a arewacin Kamaru, kuma da gangan na rubuta shi a fili saboda na san akwai masu irin sana'armu da yawa da ke fama da abin da na yi fama da shi.

Ni bulo nake bugawa ina kuma sayar da yashin Binuwai, kuma ƙaramar lodar nan mai taya huɗu wadda ba ta da sitiyari sai liba biyu, irin wadda mutane ke ce ma Bobcat, da ita muke cin abinci ni da yaran aikina. Tsohuwa ce, ta sha aiki a hannun wasu kafin ta zo hannuna, amma ba ta taɓa ba ni ciwon kai sosai ba sai bayan hunturun bana da ta fara fizga. Direba zai tura liba a hankali, ta yi kamar ba ta ji ba, can sai ta zabura kamar jakin da aka tsikara, yashin bokiti ya watse, kuma abin haushin in ta fizge shi jikinshi ya yi gaba hannunshi ya ƙara tura libar ba da niyya ba, sai ta sake zabura, haka za su yi ta yi. Gefen hagu ya fi tsanani. Har ta kai ko an saki liba tana ɗan jan jiki da kanta, a fili ƙarami da yara ke ɗaukar bulo suna wucewa ta gabanta, wallahi wannan ne ya hana ni barci ba asarar yashi ba.

Waɗanda na fara nuna ma wa ko buɗe ta ba su yi ba suka ce famfon man haidirolik da ke tafiyar da ita ya mutu sai a sayo wani. Duk wanda ya san wannan harka ya san me hakan ke nufi a nan arewa, sai an nemo a Duwala, a ɗoro shi a jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundare sannan ya ƙaraso Garwa, ko a tsallaka Yola a yi ta cigiya, ga kuɗi masu nauyi ga aiki ya tsaya a lokacin da mutane ke rububin gini kafin damina.

Baba, kai kuwa tambayoyi ka fara yi. Da safe tana yi ko sai ta yi zafi? Gefe ɗaya ne ko duka biyu? Akwai kuka daga famfo? Yaushe rabon a canza filta? Sannan ka sa yara suka ɗaga ta kan turaku na ƙarfe har tayoyi huɗun duka suka bar ƙasa, aka tokare hannun bokiti da ƙarfensa na tokarewa, aka ɗage ɗakin direba, ka ce ba wanda zai sa hannu a ciki in ba a yi haka ba don injin da ke tafiya da kanshi ba a yi mishi ganganci. Tun daga nan hankalina ya fara kwanciya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ka tsaya ka yi mini bayani, ba ka ce ai ba zan gane ba. Kowane gefe yana da famfonshi, liba tana haɗe da sanda, sandar ta je ta kama wani ɗan hannu a jikin famfon, shi kuma yana karkata wani faranti a ciki, iya karkatawa iya man da ake tura ma motar gefen, ita kuma ta ja sarƙa ta juya tayoyi biyu. To in an samu sako-sako a tsakanin hannun direba da famfo, direba zai motsa liba famfo bai san an yi ba, sai ya ƙara turawa, sannan abin ya kama gaba ɗaya lokaci guda. Fizgar kenan. Ka kama libar hagu kana kaɗawa ka ce in leƙa, da idona na ga tana tafiya mai nisa kafin ɗan hannun famfon ya motsa.

Bushin da ke mahaɗar sandunan duk sun cinye, ƙura da siminti sun niƙe su. Ƙananan shakazoban da ke riƙe liba don kada ta yi saurin gudu sun mutu, da aka ciro ɗaya yaro ya tura shi da yatsu biyu ya shige ba wani turjiya. Sannan notin da ke matse ɗan hannun famfon hagu ya saki, yana wasa a kan sandar famfon da yake zaune a kai, ka ce da an ƙara jinkiri zai cinye bakin sandar kuma a nan ne kuɗi zai fara fita da gaske. Aka canza, aka matse, aka daidaita sifirin ɗin da ke maido liba tsakiya, kuna yi kuna kallon tayoyi a sama har suka tsaya cak in an saki.

Kuma duk da an ga laifin ba ku tsaya nan ba. Ka duba man haidirolik ko yana kumfa, don in tiyo na shan iska shi ma yana kawo fizga. Ka sa aka yanka tsohuwar filta aka baje takardar ciki a rana ana neman garin ƙarfe ko na tagulla, ba a samu ba sai datti, ka ce wannan ita ce shaidar cewa famfo da sauran ranshi. Ka ɗaura agogon awo ka auna ƙarfin ɗan famfon da ke ciyar da manyan, da sanyi da kuma bayan ta yi zafi, ka gwada da abin da littafin injin ya faɗa. Lagireton mai kuwa ya toshe da ƙura, aka hure shi tas, kuma duk wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 ya san mai in ya yi zafi sosai tsinkewa yake yi. Aka ja sarƙoƙi, aka daidaita iskar tayoyi don ashe ba su zo ɗaya ba.

Kuɗin da na biya ko kusa da na famfo bai kai ba, kuma tsofaffin kayan da aka cire a leda aka miƙo mini, ga su ka gani. Ka kuma faɗa mini gaskiya cewa famfon nan ya tsufa, in wata rana na ji kuka mai ƙarfi ko gefe ɗaya ya rasa ƙarfi bayan ta yi zafi to in kashe ta in kira, kar in ce bari a gama lodin tifa. A ganina makanikin da zai iya sayar maka da famfo ka biya kana godiya amma ya ce maka bushi ne, ya cancanci a faɗi alherinsa a gaban mutane.

Babban yaronka ma ina gode mishi, ya zauna da direbana ya nuna mishi inda ake sa giris, da yadda zai ɗan ƙara wuta ya riƙa tura liba sannu maimakon ya bar inji a ƙasa yana finciko ta, da hure lagireto in an tashi aiki. Yanzun loda tana shiga tsakanin layukan bulo lafiya lau ba ta taɓa ko ɗaya.

Masu tifa da masu bulo na Garwa, da na Gider da Figil har Marwa, in injinku ya fara wannan fizgar ku kai a duba sanduna da shakazoba da filta kafin ku aika kuɗi Duwala. Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da kasuwa, ya yi ma yaran nan albarka su gaje ka a wannan hali.

Naku, mai bulo da yashi a Garwa.